Farin Tsuntsu a Bakin Rijiya

Ina ɗan shekara tara, wata la'asar ta bazara, wani farin tsuntsu mai jan baki ya sauka a bakin rijiyarmu a Ƙofar Kwaya. Ƙarnin kifi yake yi. Bai kula geron da na watsa masa ba, kakata kawai yake kallo.

Ta ajiye tsintsiya ta ce, "Tsuntsun ga ba na tudu ba ne. Na tsibiran Tafkin Chadi ne, inda kawunka Lawal ya tahi sana'ar su."

Na ɗauki dutse, ta riƙe hannuna. Tafinta ya yi sanyi ƙalau.

"Bar shi, sallama ya zo yi."

Kawu bai dawo ba. Har yau, idan baƙon tsuntsu ya sauka gidana, sai na kira 'ya'yana a waya ɗaya bayan ɗaya.