Ranar da Fuskar Inna ta Bar Allo

Bazara ce mai tsananin zafi, shekarar da Inna Hajara ta rasu. Hotunanta duka suna cikin tsohuwar kwamfutar Baba, fuskarta kuma a kan allon. Da la'asar Baffa Isa ya shigo da faifai.

"Yaya, sabon tsarin kwamfuta ne, kyauta. Ko yaro zai iya sa shi."

Da suka sa faifan, gargaɗi ya fito da Faransanci, suka danna ba su karanta ba. Da allon ya dawo, sai hoton koren tudu a maimakon fuskar Inna. Komai ya goge.

Baba ya ce a hankali, "Isa, ina Hajara?"

Har yau, da ɗan karatuna na manya, ba na danna abin da ban karanta ba.

Washegarin gogewar hotunan na tafi unguwar Abena wurin ƙanwar Inna, na zauna ina kallon fuskarta mai kama da ta Inna.