Ranar da Tafkin Alhaji Sabri Ya Bar Gida

"An sace tafkin," in ji Alhaji Sabri a waya.

Usta Ragab, wanda ya yi masa aikin tafkin, ya tambaya: "Kifayen dai ko, Alhaji?"

"Tafkin nake ce maka. Har da kifayen."

Alhaji yana tsaye a lambunsa, ruwan saman da ya kwana yana zuba a Iskandariya ya kai masa gwiwa. Makon jiya aka gama shafe ramin tafkin da faiba, wata irin roba mai tauri da ba ta yoyo. Ya zuba ruwa rabi, ya saki kifayensa na Japan masu ja da fari, waɗanda matarsa ke cewa sun fi 'ya'yansa gata. Yanzu babu komai sai taɓo, ƙofar lambun kuma a wangale.

Usta Ragab ya iso, ya tattare jallabiyarsa, suka bi layi. A gaban shagon mai burodi suka hango shi. Tafkin ne sukutum, ambaliya ta ɗago faibar daga ramin kamar kwano, yana tafe bisa ruwa, hanci gaba, ko karkata bai yi ba. Kifayen na ta iyonsu a ciki. Har kwana ya sha da kyau.

Alhaji ya dafe kai. Da ya waiwaya, sai ya ga Usta yana share hawaye.

"Kai kuma kukan me kake yi, bawan Allah?"

"Dubi yadda yake yanka ruwa, Alhaji. Tun ina yaro nake ƙera jiragen masunta, ko ɗaya bai taɓa nitsewa ba." Ya ja hanci. "In ka yarda, gobe in sa masa inji."