Mai Kai Ƙarar Injiniya

A ganin Injiniya, tun da aka fara zalunci a doron ƙasa ba a taɓa yi wa ɗan Adam irin wanda kamfanonin imel suka yi masa ba. Wanda gobara ta cinye wa gida ma, in ji shi, aƙalla ana zuwa yi masa jaje. Shi kuwa kamfani biyu sun kore shi, na uku ya ɗaga sanda, amma ko sannu ba wanda ya ce masa.

Shagon kwafin takardu da gyaran waya gare shi. Sunan Injiniya shi ya raɗa wa kansa, da ya ga jama'a ba su da niyya. A ƙarƙashin teburinsa, kusa da kwalin tsofaffin caja, akwai wata kwamfuta mai tari kamar tsohon janareta, wadda ba ya yarda a kira ta da komai sai saba. A cikinta ya zuba harkokin ƙungiyar ma'aikata masu ritaya, bayan ya tashi a taro ya bugi ƙirji cewa ba sai sun ɗauko wani kamfani ba, ga shi a gida.

Sabar na rubuta sanarwa, amma ba ta iya kai ta akwatin kowa da kanta. Saƙon da ya fito kai tsaye daga lungun shago ƙyamarsa ake yi a hanya, dole sai an sami kamfanin da zai riƙa dakonsa. Nan Injiniya ya nuna gwaninta. Ya bi farashi kamar mai cinikin akuya, ya zaɓi mafi araha. Ba a jima ba suka rufe masa asusu, wai ƙorafi ya yi yawa. Ya ce dama araha ba ta ado. Ya koma na biyu, mai ɗan tsada, wanda kowa ke yabon amincinsa. Su ma suka sallame shi da dalili iri ɗaya.

Ana cikin haka aka yi tantancewar fansho, sanarwa ba ta fita ba, dattawa da dama suka rasa ranar. Shugaban ƙungiya, mutum mai sanyin magana, ya ce masa in taro mai zuwa ya zo ba a gyara ba, za a miƙa aikin ga kamfanin da Hajiya Ma'aji ta daɗe tana kawo sunansa.

To, ai magana ta fito. Injiniya ya kwana da sanin wanda ke masa zagon ƙasa: ba kowa ba ne sai Hajiya. Wa zai kai ƙarar sanarwar fansho in ba mai son ganin bayansa ba? Shi da ya mayar da kansa bawan dattawan nan! Kowace Asabar da hantsi suna jere a bencin shagonsa, kowa da wayarsa da ta cushe, yana musu abin da ya kira wankin waya, kyauta. Su ba buɗe imel suke yi ba sai an ce musu akwai abu a ciki. Shi ke tattara tarkacen da ya taru ya share, ya miƙa wa mutum wayarsa fes, ya karɓi addu'a yana gyara hula a gilashin kanta. Wannan ne sakayyar?

Da kamfani na uku ya turo gargaɗi, sai ya ce wa Shugaba zai kamo mai kai ƙararsa, ya shirya tarko. Ya nemi su kira shi ranar Asabar, lokacin da benci ke cike. Hajiya Ma'aji ma ya aika mata cewa an kawo sabbin caja masu rahusa.

Ta zo. Shugaba ya zo, ya miƙa wayarsa a wanke kamar kullum. Kira ya shigo, Injiniya ya buɗe lasifika ya ajiye a kan teburi, ya ci gaba da aikinsa don a ga hankalinsa kwance yake.

"Baiwar Allah, faɗa da ƙarfi kowa ya ji," ya ce wa ma'aikaciyar kamfanin, yana kallon Hajiya ta wutsiyar ido. "Wa ke kai ƙarata?"

Ta ce ba mutum ɗaya ba ne. Kusan duk wanda aka aika wa sanarwa, daga akwatinsa ake danna maɓallin da ke cewa saƙon na 'yan damfara ne.

"Ka ji ko, ranka ya daɗe? Har gangami aka yi mini," in ji Injiniya, yana duban Shugaba.

"Mu da ko buɗe abin ba mu iya ba?" in ji Hajiya.

Ma'aikaciyar ta ce abin da ya ba su mamaki shi ne ƙorafin ba ya zuwa a warwatse. Shiru ake yi duk mako, sai ranar Asabar da hantsi ya riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya, kamar masu bin layi. Sai ta ƙara da cewa, "Yallaɓai, ga wani ma ya shigo yanzu, daga akwatin shugabanku."

Benci ya juya ga Shugaba. Shugaba ya buɗe tafukan hannunsa, ba komai a ciki.

Injiniya ya sunkuyar da kai ya dubi wayar da ke hannunsa. Babban yatsansa na nan kan maɓallin kai ƙarar 'yan damfara, wanda ya fi ƙauna, wanda yake dannawa bayan ya zaɓi duk saƙon da ba a buɗe ba, don gogewa kawai ba ta hukunta ɗan damfara.

Ya gyara hula, ya yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, na ce zan kamo shi, kuma ga shi na kamo. A dai yi masa sassauci, yana da iyali."