Dillalin Murjani da Amanar 'Yarsa

Tunda ka ce kai ka san aikin, ba sai an gaya maka ba, zauna in ba ka misalin wani dillalin duwatsun ado. Mutumin nan a sana'ar murjani ya yi furfura, irin jan nan da mata ke ratayawa a wuya. Ko ido rufe ka miƙa masa ya shafa, zai gaya maka na gaske ne ko jabu. 'Yarsa kuwa ta yi karatu a bakin teku, ta dawo da abin da ya ɗaure masa kai: murjani mai rai, a cikin akwatin gilashi cike da ruwan gishiri, ga fitila a sama, ga ɗan inji yana kaɗa ruwan. Launinsa ƙasa-ƙasa, ya yi rassa kamar bishiyar da ta kaɗe ganye. Tun bai wuce tsawon yatsa ba take renonsa, shekara da shekaru. Da tafiya ta kama ta sai ta bar wa uban amanarsa, tana ta bayani, shi kuwa yana dariya. Shi za a koya wa murjani?

Wata ranar zafi aka ɗauke wuta, injin ya tsaya, ruwan ya ɗumama. Washegari tsoho ya ga gindin murjanin ya yi fari fat, wata fata-fata tana saɓulewa tana yawo a ruwa. Da fari ma murna ya yi, wai dauɗa ce ke fita. Kafin azahar farin ya haura rassa, sai gabansa ya faɗi, ya kira 'yar a waya. Hankali tashe ta ce, "Baba, naman jikinsa ne ke zubewa, farin nan ƙashi ne! Ka karya kawunan rassan da ciwon bai kai ba, ka sa su a wani ruwan gishirin daban, yanzu-yanzu." Nan fa kan tsoho ya kulle. A karya? A wurinsa murjanin da ya tsage ko kyauta ba a karɓa, wanda ya dushe kuwa gogewa ake yi har ya yi sheƙi. Ya ɗauki filaya zai karya rassan, sai ya ajiye. Ya ce ko yarinyar ce ta ruɗe, ko shi ne bai ji daidai ba. Ya sake kira, layi ya ƙi shiga. Maƙwabci ɗaya ya ce a ƙara gishiri, wani ya ce kambun baka ne. Shi dai ya tsaya yana kallon gilashin yana tambayar kansa, in dutse ne me ya haɗa shi da ciwo, in kuma dabba ce ina kanta ina ƙafarta? Farin nan kuwa bai jira ya gama tunani ba. Da abin ya ishe shi sai hannu ya koma ga abin da ya saba: ya tsamo murjanin, ya sa burushi, ya bi shi reshe-reshe a hankali, yana kaffa-kaffa kada ko ɗaya ya ɓalle. Ɗan naman da ya saura da rai duk ya bi burushin.

Da 'yar ta dawo ta sami murjanin fari tas, cikakke, babu rai ko na ƙwayar gero. Ta durƙusa gaban gilashin tana kuka, domin da guntu biyu ko uku aka tsirar, da sun sake tofowa. Uban ya tsaya a kanta, tausayinta ya cika shi, amma har lokacin bai gane inda ya kuskure ba, sai cewa yake, "Duba mana, ko reshe ɗaya ban bari ya karye ba." To ka ji abin da Hausawa ke nufi da suka ce, garin gyaran gira aka rasa ido.