Shafin da Zakiyya Ta Goge

Zakiyya ta goge wasiƙar gaba ɗaya, ta adana shafin fari fat. Wasiƙar Mairamu ce zuwa ga shef, wato shugaban ofishinsu, kan tafiya karo ilimi Yamai. Kanun kawai ta karanta, zuciyarta ta tafasa. Shekara bakwai tana wannan biro na kamfanin dakon kayan ma'adinai a Arlit, amma Mairamu, yarinyar da ta zo daga Damagaram bara, aka zaɓa.

Mairamu ta fita sallar azahar, ta bar kwamfutarta a buɗe. A gefen shafin akwai mataimakin AI, wanda ke iya leƙa duk abin da ke kan manhajar rubutu. Zakiyya ta rubuta masa: "Duba mini, akwai abin da ya rage?"

Ya amsa: "Na karanta shafin yanzu, babu ko harafi. Amma ɗazu da Mairamu ta sa ni gyara, layin da ta yi wa alama cewa yake: Ina roƙon a tura Yaya Zakiyya a madadina, ita ta koya mini aikin nan."

Sai ga Mairamu ta shigo da darduma a kafaɗa, tana dariya.

"Kash, Yaya, kin riga ni! Na so in yi miki ba-zata. To tunda kin gani, shef yana jira kafin la'asar. Tura masa da hannunki."