Wanda Ya Auna Jininta

Ina riƙe da jakar aminiyata a ƙofar ɗakin tiyata, tana kwance kan gadon tura marasa lafiya, sai ga masoyinta, ma'aikacin gwajin jini, da takardar sakamako a hannu. Shi ya auna jininta, ya san abin da sakamakon ke nufi ga mai kansar hanta: ko an yi aikin, da wuya ta kai baɗi.

"Ki aure ni," ya ce.

Takardar ta kalla, ba fuskarsa ba. "Haba Malam, kai da ka ga sakamakon? Tausayi ne kawai."

"Na gani. Shi ya sa ba zan jira ba."

Ta nuna takardar. "To, yaga ta."

Ya yaga.

Wata bakwai suka yi da aure. Allah ya jiƙan ki, ƙawata.