Rijiyar Matar Manomi

Nomau, kafin ka tafi tono asalin gonar nan taku, gyara zama ka ji na wani manomi a Amurka. Kar ka tambaye ni yaushe na je. Ni aji ɗaya ban ƙare ba, amma ba ƙasar da labarinta bai biyo ta ƙofar gidana ba.

Manomin nan suna rigima da maƙwabcinsa a kan wata tsohuwar rijiya da ke kan iyaka, ba ta ƙafewa ko rani ya kai ina. Manomin kuwa shanu gare shi fal, in babu rijiyar nan sai su mutu. Kullum yana bugun ƙirji wai kakar kakansa ce ta haƙa ta, matar da ta fara zuwa dajin a keken shanu, da tukunya ɗaya da irin masara ƙulle a zani. Maƙwabcin, talaka ne mai sanyin hali, ya ce su ci gaba da sha tare. Ina! Gogan ya ce sai ya tono asalin matar ya kai gaban alƙali. To, al'adarsu can, mace in ta yi aure sai ta ajiye sunan ubanta ta ɗauki na miji, kamar an canza wa akuya igiya. Don haka nemanta ya yi wuya. Ya bi tsofaffi, ya bi maƙabartu, don su a kan dutse suke sassaƙa sunan mamaci. Har ya ɗebo dattawan gari su zama shaida.

A bayan wani kango suka sami kabarinta, ciyawa ta rufe dutsen. Shi da hannunsa ya share. Ga sunanta, ga na kakan kakansa a gefen dama. Sai wani dattijo ya ce, "A share hagun ma mana." Aka share, sai ga sunan wani mijin. Ashe aure biyu ta yi! Mijin fari shi ya sari dajin, da shi suka haƙa rijiyar, zazzaɓi ya kashe shi ya bar ɗa guda, kuma sunansa ne maƙwabcin ke amsawa har yau. Na biyun, wanda gogan ke taƙama da shi, ɗan ƙodago ne da ya zo yankan ciyawa, ya tarar da bazawara da rijiya, ya ajiye jakarsa. Alƙali bai ko sha wahala ba, ya ba maƙwabcin rijiyar, shaidun ma mai ƙara ne ya kawo su. Yanzu gogan sai ya yi sallama kafin shanunsa su sha.

To, Nomau, ga fartanya nan in za ka. Amma ka sani, garin tone-tone kaza ta tono wuƙar yanka ta.